Takalmin Farauta Ya Fara Shan Ruwa: Nemo Kafar Tukuna Kafin Ka Shafa Komai

Ka fita da asuba, ciyawa ta sha raɓa, ba ka yi tafiyar awa guda ba sai ka ji wani sanyi yana tsattsafowa ta wajen ƙaramin yatsa. Daga wannan lokacin hankalinka ya rabu biyu, rabi a kan sawun da kake bi, rabi a cikin safa. Kafin azahar fatar ƙafa ta yi laushi ta yi fari, bororo ya fito a dunduniya, farauta ta koma ɗingishi.

Abin da yawancinmu muke yi idan mun dawo shi ne mu rarumo mai ko kaki mu lafta wa takalmin, mu ce an gama. Wani lokaci a dace, sau da yawa kuma a sake komawa gidan jiya. Dalili kuwa shi ne abin da muke kira yoyo ba cuta ɗaya ba ce. Akwai takalmin da maganin bayansa ne kawai ya ƙare, fata ta koma shan ruwa. Akwai wanda ɗinki ya saki ko gam ya ɗaye. Akwai wanda rufin cikinsa ne ya huje. Sannan akwai wanda lafiyarsa ƙalau, gumin ƙafarka ne kawai ya rasa hanyar fita. Kowanne da maganinsa, kuma kaki ba ya warkar da ko rabinsu.

Yadda takalmin yake tare ruwa

Takalman farauta na zamani galibi katanga biyu gare su. Ta waje ita ce fata ko yadin nailan, wadda aka yi wa magani tun daga masana'anta don ruwa ya riƙa dunƙulewa yana gangarewa. Ta ciki kuma wani siririn tantani ne da aka ɗinka kamar safa, aka manne bakin ɗinkinsa da tef, aka ɓoye shi tsakanin fata da yadin da ke taɓa ƙafarka. Wanda ya fi suna shi ne Gore-Tex, wanda asalinsa ke komawa ga binciken Bob Gore na 1969 a Amurka. Kamfanin ya ce kowane murabba'in inci na tantanin yana da ƙananan ƙofofi kimanin biliyan 9, kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta ishi tururin gumi ya wuce. Wato ruwa ba ya shiga, tururi yana fita.

To amma tururin sai ya ratsa fatar waje kafin ya fice. Idan fatar ta jiƙe sharkaf, hanya ta toshe. Gumi ya taru a ciki, fatar da ta jiƙe kuma tana janye ɗumin ƙafa, sai ka ji sanyi da laima ka rantse takalmi ya huje, alhali ko ɗigo bai shigo daga waje ba. Ƙafa tana da gumi fiye da yadda ake zato, musamman a doguwar tafiya da kaya a baya. Wannan shi ne nau'in yoyon da ya fi yawa, kuma shi ne mafi sauƙin gyara.

Tsofaffin samfura na zallar fata ba su da tantani, kaurin fatar da kakin da ke jikinta su ne kariyarsu. Na roba kuma sha'aninsu daban ne, za mu zo kansu.

Wanki

Ba a gwaji a kan datti, ba a gam a kan datti, ba a shafa a kan datti. Zare igiyoyin gaba ɗaya, cire shimfiɗar ciki, ka kife takalmin ka bubbuga. Yashi da tsakuwar da za su zubo ka dube su da kyau, domin su ne manyan masu huda tantani. Kowane taku suna goga shi daga ciki kamar samfefa.

Kaɗe busasshen taɓo da buroshi mai ɗan tauri. Ka ba lungunan harshen takalmi lokaci, inda fata ta naɗe a gefe da gefe, da kuma layin da fata ta haɗu da tafi. Tsohon buroshin haƙori ya fi komai shiga waɗannan wurare. Daga nan ka wanke da ruwa mai ɗan ɗumi. Idan kana da ruwan wanke takalmi irin na Nikwax ko Granger's, madalla. Idan babu, ruwa zalla da buroshi sun fi garin sabulun wanki, domin shi yana tsotse man fata, kuma yana barin saura mai jawo ruwa ya baje a jikin takalmi maimakon ya gangare. Cikin ma a ɗauraye shi, gishirin gumi yana taruwa a can.

Taɓo ba ƙazanta kawai ba ce. Yayin da yake bushewa a jikin fata yana zuƙe manta. Wanda ya saba jefar da takalmi da taɓonsa har fita ta gaba shi ke kashe shi da hannunsa.

Gwajin da ba a tsallakewa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutane suka fi ƙi tsayawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, aikinka ke nan ka nemo tsagar.

Bari bayan takalmin ya bushe sarai tukuna, don jiƙaƙƙen baya ba ya nuna komai. Shimfiɗa takarda ko kwali a ƙasa, ɗora takalmin a kai, ka zuba ruwa a ciki a hankali har ya kusa inda harshe ya rabu da jikin takalmi. Kar ka wuce nan, sama da wannan iyaka dama ba a yi shi don tare ruwa ba. Zauna ka zuba ido na minti 15 zuwa 20. Inda fata ta fara yin duhu, ko ɗigo ya ɓullo, ka zagaye shi da alli. Idan shiru, kama takalmin ka lanƙwasa shi kamar yadda yake yi idan kana tafiya, sau goma ko ashirin. Akwai tsagar da ba ta buɗe baki sai an taka.

Hanya ta biyu akasin wannan ce, kuma ta fi kama da abin da ke faruwa a daji. Cusa busasshiyar farar takarda a ciki har ƙurya, ka tsayar da takalmin a cikin baho mai ruwan da bai kai bakin harshe ba, ka danne shi da wani abu mai nauyi don kar ya taso. Bayan rabin awa ka zaro takardar a hankali ka ga ɓangaren da ya jiƙe.

Ga yadda ake karanta sakamakon. Idan babu ɗigo ko ɗaya, tantaninka lafiya lau, matsalarka ta fatar waje ce, ko kuma ruwan ta sama yake shigo maka. Wannan na ƙarshen ya yaudare ni shekara guda cur. Na yi ta shafe-shafe, ashe ƙafar wando ce take shan raɓa, ta miƙa wa bakin safa, safa ta ja ruwan har ƙasa kamar lagwani. Da na fara ɗaura marufin ƙwauri a kan wando da bakin takalmi, magana ta ƙare. Idan kuwa ruwa ya fito ta layin ɗinki ko ta inda roba ta rabu da fata, aikin gam ne. Idan ya fito ta tsakiyar fata a kan gaɓar yatsu, inda takalmi yake naɗewa, ko ta saitin babban yatsa, to tantani ya tafi. A tuna kuma cewa ruwa yakan yi tafiya tsakanin tantani da fata kafin ya sami mafita, don haka inda ya ɓullo ba lallai nan ne ainihin hujin ba.

Bushewa, da batun wuta

Zubar da ruwan, tsane cikin da tawul, ka cusa tsofaffin jaridu. Canza su bayan awa ɗaya ko biyu, ka sake canzawa idan sun jiƙe. Ajiye takalmin a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko gaban fanka. Kwana ɗaya zuwa biyu yake ɗauka, mai kaurin fata har uku.

Kada ka kai shi bakin wuta. Na san jarabar, musamman a sansani da dare, wuta na ci, gobe kuma da fita. Amma zafi yana ƙanƙance fata ta ƙandare, kuma fatar da ta ƙone ba ta dawowa ko da wane irin mai. Yana kuma sassauta gam ɗin da ya riƙe tafi da tef ɗin da ya rufe ɗinkin tantani. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haka abin yake ga hita da cikin motar da aka rufe a rana. Ma'auni mai sauƙi: zafin da hannunka ba zai jure ba, fata ma ba za ta jure ba.

Gam kafin mai

Wannan jerin ba a juya shi. Gam ba ya kama wurin da kaki ko mai ko silikon ya taɓa. Wanda ya fara shafa sannan ya tuna da tsaga, sai ya sake wanke wurin ya goge.

Gam ɗin da ake so shi ne mai lanƙwasuwa bayan ya bushe, irin su Aquaseal SR ko Shoe Goo. Ka guji gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda yake bushewa kamar gilashi. Taku ɗari ba ya kaiwa yake farfashewa, kuma yana ƙandarar da fatar da ya taɓa.

A kan ɗinkin da ke yoyo, goge layin da tsumma mai sifirit, ka bari ya sha iska. Manna tef ɗin takarda a gefe biyu na ɗinkin, ka bar tsakani kamar faɗin fensir, don aikin ya fita tsaf. Ɗebi gam da tsinke ko ƙaramin buroshi ka tura shi cikin ramukan allura, ba a sama kawai ba. Siriri ya fi kauri. Cire tef ɗin tun gam bai daskare ba. Idan zaren ne ya tsinke, gam ba ya maye gurbin zare. Kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke, amma ka gaya masa a fili cewa akwai tantani a ciki, kada allurarsa ta ratsa har can. Ɗinki ɗaya da ya zarce ya isa ya yi maka sabbin huji goma sha.

Inda robar da ta zagaye takalmin ta ɗaye, ko bakin tafi ya buɗe, ɗaga wurin a hankali ka sakace dattin ciki, ka ɗan kankare fuskokin biyu da samfefa, ka goge da sifirit. Cusa gam har ƙurya, matse, ka naɗe takalmin tam da yankakken tsohon tib ko tef mai ƙarfi. Cusa jarida a ciki tukuna don kada matsin ya lotsa shi. Ka ba shi awa 24 cikakku ko da kwalin ya ce ƙasa da haka, domin sanyi yana jinkirta kamawa.

Kafin ka ɓata gam, duba sashen da ke tsakanin tafi da jikin takalmi. Idan ka danna da farce ka ga yana marmashewa kamar busasshen soso, ko yana danƙo, wannan tsufa ne na robar foliyuretan, wadda laima ke cinyewa a hankali. Abin mamaki, takalmin da aka adana shekaru ba a sawa ya fi kamuwa da wannan cuta. Ba ta da gyaran gida. Ko a sauya tafin gaba ɗaya, ko a haƙura.

Maganin baya: kowace fata da abin da take ci

Yanzu aka zo wurin da kowa yake so ya fara. Shafa yatsa a jikin takalminka ka tantance irinsa.

Fata mai santsi, wadda fuskarta ke nan yadda take, ita ce mai karɓar kaki. Idan babu tantani a ciki, kakin zuma shi ne sarki, ko haɗin da aka yi da shi irin su Sno-Seal da Obenauf's. Takalmi ya zama busasshe, ka ɗan ɗumama shi da na'urar busar da gashi daga nesa, ɗumin da hannu zai ji daɗinsa, ba zafi ba. Kakin zuma zalla sai wajen digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Celsius yake narkewa, wannan kuwa ya yi wa fata yawa, shi ya sa haɗaɗɗen da aka tausasa ya fi sauƙin aiki. Ɗebo kaɗan da yatsa ka murza shi a zagaye. Yatsa ya fi tsumma, domin ɗuminsa yana taimakawa, kuma kana jin inda fata take da ƙishi. Ka dage a kan gaɓar yatsu, lungunan harshe, gindin ƙarafan igiya, da duk layin ɗinki. Bari ya shige, ka ƙara shafi na biyu. Idan ka ga fata ta daina sha, tsaya. Abin da ya rage a sama ba kariya ba ne, tarkon ƙura ne, goge shi. Launi zai yi duhu, wannan ba makawa.

Idan fatar mai santsi ce amma akwai tantani, sassauta hannu. Kaki mai kauri yana toshe numfashin fata, ka koma cikin gumin da kake gudu. Nan maganin da aka haɗa da ruwa ya fi dacewa, irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da takalmi mai tantani. Shi kuma akasin kaki ne: a kan fata mai danshi ake shafa shi, domin ruwan da ke cikin fatar ne yake jan maganin ciki. Don haka bayan gam ya kama, sake jiƙa bayan takalmin da soso, shafa, jira 'yan mintuna, goge ragowar, ka bar shi ya bushe.

Fata mai laushin gashi-gashi, wato nubak da siwed, da kuma takalmin da aka haɗa fata da yadi, feshi suke so ko maganin ruwa mai soso a baki. Kaki yana kwantar da gashin ya mayar da shi sumul mai duhu har abada. Wasu mafarauta da gangan suke yin haka ga nubak, sun zaɓi kariya a kan kyau, kuma ban ga laifinsu ba muddin sun san ba a komawa. Yi feshin a waje ko inda iska ke wucewa, nesa da wuta, tazarar kamar taƙi guda. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai zuba. Magungunan yanzu da dama an cire musu sinadaran fulorin da ake kira PFAS saboda ba sa ruɓewa a ƙasa da ruwa. Sababbin suna aiki, sai dai suna son a riƙa sabunta su a kai a kai.

Akwai abubuwan da ban yarda a kusantar da su ga takalmin farauta ba. Baƙin mai na inji da man girki suna lalata fata da gam, na biyun har ɗoyi yake yi idan ya daɗe. Man da ake tausasa fata da shi, irin na kitsen wata 'yar dabba da ake kira mink, yana da amfani ga fatar da ta bushe ƙamas, amma idan ya yi yawa takalmi yakan saki jiki ya daina riƙe idon sawu, abin da kuwa ka saye shi dominsa ke nan.

Idan tantani ne ya huje

Gaskiya ɗaya ce: ba a facinsa a gida, domin ba ka isa gare shi sai ka farke takalmin. Idan sabo ne, duba garantinsa kafin ka shafa masa komai. Idan ya kwana biyu, abin da ya rage shi ne ka mai da katangar waje ita ce kariyarka. Takalmin da yawancinsa fata ce mai santsi yana karɓar wannan sosai: rufe duk ɗinkin waje da gam, ka cika shi da kaki kamar wanda bai taɓa samun tantani ba, tunda numfashin da kake tattali ya riga ya zama labari. Zai tare raɓa da yayyafi da tsallaken ƙaramin rafi. Tsayuwa cikin ruwa kuwa, a'a.

Mai yawan yadi ba ya jin wannan magani, feshi ba ya mayar da yadi katanga. Mafitarsa safa mai hana ruwa, irin su Sealskinz, a sa ta a kan siririyar safa. Takalmin zai jiƙe, ƙafa ta tsira. Ko kuma a mayar da shi na rani.

Na roba

Shi ba ya buƙatar mai ko kaki, huji ne ko tsaga kawai. Shiga ɗaki mai duhu ka zura tocila a ciki, haske zai nuna maka wurin, musamman idan kana lanƙwasa shi. Ko ka murɗe bakinsa ka danna shi cikin ruwa ka bi kumfa, kamar yadda mai faci yake yi wa tib. Gyaran ma irin nasa ne: kankare, goge, shafa sholisho a fuska biyu, jira ya daina kama yatsa, manna faci mai zagayayyen baki wanda ya zarce tsagar da kamar santimita 2 ta kowane gefe, ka danne. Sashen sama na niyofirin, wato robar nan mai laushi kamar soso, gam mai lanƙwasuwa yake so, ciki da waje. Idan ka ga ƙananan tsage-tsage sun bazu ko'ina kamar busasshiyar fadama, rana ce ta cinye robar. Ka toshe nan, can ya buɗe.

Kafin ka koma daji

Yayyafa ruwa a bayan takalmin. Idan ya dunƙule ya gangare, aiki ya yi. Inda ya baje ya yi duhu, ƙara shafi a nan. Sake yin gwajin baho da takarda don ka tabbatar da gam.

Sai batun wari, wanda mai yawon shan iska bai damu da shi ba amma kai ya dame ka. Gam da feshi suna da ƙauri mai ƙarfi, hancin dabba kuwa ya fi naka nesa ba kusa ba. Kada ka yi wannan aiki daren fita. Yi shi mako guda kafin lokaci, ka bar takalmin a inuwa yana shan iska, nesa da fetur da hayaƙi da turare.

Ba kalanda ke faɗa maka lokacin sake shafawa ba, takalmin ne. Duk ranar da ka ga gabansa ya yi duhu cikin raɓa maimakon ruwa ya gangare, lokaci ya yi. Mai ratsa doguwar ciyawa da ƙaya zai riga kowa ganin haka, domin ciyawa tana share maganin kamar buroshi. Bayan kowace fita, cire shimfiɗar ciki, kaɗe yashi, goge taɓo tun yana ɗanye. Ka kuma riƙa yanke farcen babban yatsa. A gangaren dutse ƙafa tana zamewa gaba, farcen yana caccakar wuri ɗaya sau dubbai a yini, kuma a daidai nan ne na sami hujin takalmi biyu daga cikin ukun da na taɓa yi wa gwajin ruwa.